Gyaran gidan tarihi na ginin ƙasa: tambayoyi da amsoshi a kan Gidan Makama da ire-irensa

Da yawa daga cikin gidajen tarihinmu tsofaffin gine-ginen ƙasa ne da aka mayar ma'ajiyar kayan da. Gidan Makama a Kano an gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Gidan Ɗan Hausa a Kano, gidan tarihin Kanta a Argungu, tsohuwar Kwalejin Katsina, duk ƙasa ce da azara. Ga tambayoyin da masu kula da irin waɗannan gidaje suka fi yi.

Tunda kayan cikin ne tarihi, me zai hana a rushe a yi sabon gini mai ƙarfi?

Ginin shi ne babban kayan da ke wurin. Takobi ko alkyabba ana iya kai su wani ɗaki, amma bakan gizo, wato bakan da ke ɗauke da rufin ɗaki wanda magini ya ɗaura da azara da igiya, ba ya ƙaura. Gidan Makama ya ga zamanin Rumfa, ya ga shigowar Turawa a 1903, har suka yi ofis a wani sashensa. Wannan duk yana jikin bango: inda aka toshe ƙofa, inda aka ƙara ɗaki, yaɓe bisa yaɓe. Ƙa'idar masu wannan aiki tun daga Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan kiyaye tsofaffin gine-gine ita ce a taɓa kaɗan gwargwadon larura, a yi da irin kayan asali, kuma duk abin da aka ƙara ya zama ana iya cire shi gobe ba tare da an ji wa ginin ciwo ba.

Mene ne yake kashe ginin ƙasa?

Ruwa, ta sama da ta ƙasa. Sauran duk 'yan rakiya ne.

Ta sama, lissafin ba wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan rufin soro ya kai murabba'in mita 100 kuma aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 5,000 ce ta sauka, wato duro 25. Duk wannan ta indararo uku ko huɗu zai fita. Leda ɗaya ko sheƙar tsuntsu ta toshe guda, ruwa ya kwanta a bayan rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye rufi, ya jiƙa kan azara inda take zaune cikin bango. Ba a ganin komai a shekarar farko. A ta uku sai a ga tabo ruwan ƙasa-ƙasa a kusurwar ɗaki daga ciki, a lokacin kuwa kan azarar ya riga ya yi laushi.

Ta ƙasa ya fi mugunta domin a ɓoye yake. Danshi yana hawa bango kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana ɗauke da gishirin ƙasa. Inda danshin ya bushe, gishirin ya daskare ya tsattsaga ƙasar ta koma gari. Ku durƙusa ku duba gindin bango daga ƙasa zuwa gwiwa: in kun ga fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, kuma kun shafa ƙasa ta zubo a tafin hannu, to aikin ya fara. A tsohon birnin Kano abin ya ƙaru saboda an yi ta ɗaga tituna da kwatoci har daɓen tsofaffin gidaje ya koma ƙasa da titi, an kuma cike kududdufai da dama da a da suke karɓar ruwan unguwa.

Akwai kuma feshin hadari. A ƙasar Kano hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran cinyewa. Ku fara duba shi kowace shekara.

Mun yi wa bango filasta ta siminti don kare shi. Laifi ne?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin gine-ginen ƙasa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Ƙasa da siminti ba sa zama inuwa ɗaya. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, yana fitar da shi da rani, yana ɗan kumbura yana ɗan motsewa. Siminti ba ya motsi tare da shi, don haka cikin 'yan shekaru sai ya yi tsaga sirara kamar gashi. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki caɓi. Gara kuma ta samu duhu da laima, abin da take so ke nan.

Gwaji: ku ƙwanƙwasa filastar da ƙotar guduma. Inda ta yi ƙara kamar ganga, ta rabu da bango.

Cire ta yana son haƙuri. Ba a ɓamɓare bango gaba ɗaya, domin a wasu wuraren simintin ne kaɗai ke riƙe da abin da ya rage. A fara da rani, a yanka murabba'in mita ɗaya da kurfi da ƙaramar guduma, a duba abin da ke baya, a bar shi ya sha iska mako biyu zuwa huɗu, a cike ramuka, sannan a matsa gaba. Kada a kawo injin fasa kankare kusa da bakan gizo, girgizarsa kaɗai tana iya sakin ɗaurin.

Haka hukuncin yake ga fentin mai, da tayil a gindin bango, da shimfiɗa kankare ko intalok har jikin gini. Duk suna hana ƙasa numfashi, sai danshin da ya rasa mafita a tsakar gida ya bi bango ya hau.

Kafin a taɓa komai, me ake fara yi?

Izini da rubutu. A Najeriya, ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, kuma ba a sauya masa fasali sai da amincewarta a rubuce. Inda gidan ke da alaƙa da masarauta, a sanar da fada da mai unguwa.

Sannan a auna kowane ɗaki a zana taswirarsa, a ba kowane bango lamba, a ɗauki hotonsa da sandar awo ta mita ɗaya a jingine. A zagaya da tsofaffin magina da tsofaffin ma'aikatan gidan, domin su suka san wane bango ne ya taɓa faɗuwa da shekarar da aka rufe wata taga. In da hali, a sa ido a kan ginin damina guda cur kafin babban aiki. Mutum ya fita da lema ana tsaka da ruwa ya ga inda yake bi, wannan ya fi kowace na'ura.

Wace ƙasa za a yi gyara da ita?

Wadda ta fi kowace ita ce ta bangon da ya zube. Kada a bari a kwashe ta a zubar. A tankaɗe ta, a jiƙa, a sake cuɗawa. Sai dai ƙasar gindin bango mai fari-fari, wannan gishiri ne, a fitar da ita daga harabar.

In ba ta isa ba, a nemo jan birji mai kama da ta asali, daga ƙarƙashin ƙasar noma, ba ta sama mai saiwoyi ba. A gwada ta iri uku. Na farko, a cika kwalba zuwa sulusi da ƙasa, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye kwana ɗaya: tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka a sama, sai a kwatanta da samfurin tsohon bango. Na biyu, a murza kwaɓaɓɓiyar ƙasa kamar kaurin babban yatsa, a tura ta a hankali daga gefen tebur: in ta karye kafin santimita 5 yashi ya yi yawa, in ta wuce 15 ba ta karye ba yumɓu ya yi yawa, za ta tsattsage in ta bushe. Na uku shi ne alƙali: a yi yaɓen gwaji huɗu ko biyar a bangon da ba ya gaban jama'a, kowanne da nasa haɗin ƙasa da ramno, wato busasshiyar ciyawar kwaɓi, a rubuta haɗin a gefe, a jira su bushe, a watsa musu ruwa da buta.

Kwaɓin ma ba na yini ɗaya ba ne. Ana jiƙa ƙasa da ramno ko kashin doki, a tattake da ƙafa, a rufe, a dawo a sake tattakewa har kwanaki, sai ta ruɓa ta yi danƙo. Kwaɓin safe a yaɓa da rana shi ne yaɓen da ke zubowa a ruwan farko. Tubali kuma a mulmula shi irin na asali, mai faɗin gindi da tsinin kai, ya sha rana kamar mako biyu. Bulon inji mai kusurwa huɗu ba ya kama jikin tsohon tubali.

Gindin bango ya zaizaye ya yi kogo. Yaya ake cike shi?

Da farko a kashe tushen ruwan, in ba haka ba aikin banza ne. A gyara kwata, a karkatar da ƙasar tsakar gida ta gangara nesa da bango, santimita 3 zuwa 5 a kowace mita, a cire famfo ko tukunyar fulawa da ke jikin gini.

In kogon ya ci kusan rubu'in kaurin bango, a tokare bangon da katako kafin kowa ya sa hannu. Sai a raba tsawonsa gida-gida, kowanne bai wuce mita ɗaya ba, a yi aiki a tsallake: na ɗaya, na uku, na biyar, bayan sun bushe a dawo kan na biyu da na huɗu. A kowane gida a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a tarar da mai ƙarfi, a daidaita ramin ya samu shimfiɗaɗɗen gindi, a yayyafa ruwa kaɗan, a jera busasshen tubali da kwaɓi sahu biyu ko uku a yini. Sahun ƙarshe a cusa shi da ƙarfi, domin sabon aiki yana motsewa in ya bushe, kuma in ya bar rata a sama bai ɗauki nauyin komai ba.

Wanda ya ɗebo danyen kwaɓi ya cusa a kogon gaba ɗaya zai ga ya yi kyau ranar. Bayan wata guda zai janye daga tsohon bango ya faɗo dunƙule guda.

Dakali a gindin bango ba wurin zama kaɗai ba ne. Shi ke karɓar fantsamar ruwa da gishiri a madadin bango, kuma sake shi ba ya da tsada. Inda aka san da dakali a da, a mayar da shi, na ƙasa.

Kowace tsaga ce abin tsoro?

A'a. Ta yaɓe, mai kama da tsagewar tabkin da ya ƙafe, ta fata ce. Wadda ake tsoro ita ce mai ratsa bango ciki da waje, ko mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa, ko wadda ta raba bango biyu a inda suka haɗu. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a auna faɗinta duk wata har damina ta wuce. In tana ƙaruwa, tushe ne ke motsi ko rufi ke tura bango waje, sai a kira injiniyan da ya san ginin ƙasa. In ta tsaya, a ɗinke ta: a sassaƙa gurbi a gicciye duk rabin mita, a kwantar da guntun azara mai kamar mita ɗaya, a cike da tubali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa da gara ma ta nan suke bi.

Rufin yana yoyo. Mu ƙara masa ƙasa?

Kada ku ƙara sai kun auna wadda ke kai. Shekara da shekaru duk wanda ya ga yoyo ƙasa yake ɗorawa, har rufi ya ninka kaurinsa na asali. Ƙasa mai kaurin santimita 5 a murabba'in mita ɗaya ta kai kilo 80 zuwa 90. A ɗaki mai mita 4 da 4, wannan ya haura tan ɗaya, a bushe ma ke nan. Azara ta lanƙwasa, tsakiyar rufi ta zama kwari, ruwa ya kwanta, a sake ƙara ƙasa. Haka soraye da yawa suka rufta.

Abin yi shi ne a haƙa ɗan rami a kusurwa a ga sahu-sahun rufin: azara, zana ko asabari, ƙasa, sannan abin hana ruwa. A rage abin da ya yi yawa, a maido da gangara zuwa indararo. A caka kan kowace azara da tsinken ƙarfe a inda ta shiga bango. Wadda tsinke ya nutse a cikinta ta mutu. A tokare daga ciki, a zare su ɗaya bayan ɗaya, ba a buɗe rufin ɗaki duka a lokaci guda.

Azarar kirki daga ƙosasshiyar giginya ake tsaga ta, ɓangaren waje mai duhu da nauyi. Farin cikin nan mai laushi abincin gara ne, a sassaƙe shi. Azara ba ta son a wuce da ita kamar mita 1.8 ba tallafi, abin da ya sa magina suka ƙirƙiro tauyi da bakan gizo da ɗaurin guga ke nan don su faɗaɗa ɗaki. Wanda yake son ganin iyakar wannan fasaha ya je tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19. Baka irin wannan azara ce sahu-sahu, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, an ɗaure da igiya an lulluɓe da ƙasa. In ta tsage a tsakiya, ba aikin mai koyo ba ne.

Indararo kuma ya fito aƙalla santimita 60 daga bango, a liƙe wuyansa da kyau, a sa dutse ko tsakuwa inda ruwan ke faɗa.

Makuba ko laso?

Kowanne da wurinsa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a daka a jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwan. Ita ke ba bango launin nan ja mai duhu, kuma tana son sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu. Laso ya fi ƙarfi, shi ake sa wa rufi da rawani da zankwaye. Ana yin sa da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofin marina, a busar a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwan dafara mai yauƙi, a yi ta juyawa har kwanaki. Laso mai kyau yana kai shekara biyar.

Wahalar yau ita ce samun katsi, tunda marinar gargajiya irin ta Ƙofar Mata a Kano ta ragu. Gidan tarihin da ke da hankali zai ƙulla ciniki da marina da majema tun shekara guda kafin aiki.

Kowane yaɓe kada ya wuce santimita 2 a shafa ɗaya, kuma a jiƙa bango kafin a ɗora.

A ɗora kwano a sama mana a huta?

A matsayin rumfar wucin gadi, a kan ginin da ke jiran gyara, e: a kan ƙafafunta, ba ta taɓa bango ba. A matsayin rufi na dindindin, a'a. Yana ɓata surar ginin, iska tana fizgar katakonsa tana fasa rawani, kuma yana ɓoye rufin ƙasa har a manta da shi.

Gara fa?

Gara danshi take bi, don haka busar da gini shi ne rabin magani. A nemi hanyoyinta na ƙasa a jikin bango duk mako, a karya, a ga ko ta sake ginawa. A bi sawu har shuri. Sabon katako da zana a jiƙa su da ruwan maganin boraks kafin a ɗora. Kada a jingina akwati ko allon nuni da bango: a bar ratar da mutum zai leƙa da tocila, a ɗaga komai santimita 15 daga daɓe. Tsiron cediya ko durumi da tsuntsu ya shuka a rufi a cire shi tun yana ganye biyu.

Za a iya sa na'urar sanyaya ɗaki, da lantarki, da sola?

Bango mai kaurin santimita 60 ko fiye yana riƙe zafin rana, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi nisa. Wannan sanyi kyauta ne. Na'urar sanyaya ɗaki a wurin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ta fi rashinta illa, domin abin da ke fasa fata da katako da takarda shi ne hawa da saukar laima a kai a kai. Ga kuma ruwan da take ɗigarwa a gindin bango. Ku sa ƙaramar na'urar auna zafi da laima a kowane ɗaki shekara guda tukuna. In laima ta zauna sama da kashi 65 cikin 100 da damina, fumfuna za ta fito. Da hunturu kuma takan faɗi ƙasa da kashi 20, fata ta ƙeƙashe. Maganin duka biyun akwatin gilashi ne mai rufuwa ruf da ƙwayoyin silika masu daidaita laima a ciki, a buɗe tsofaffin tagogin sama da aka toshe, a sa musu raga.

Waya kada a sassaƙa mata hanya a bango. A bi da ita cikin bututu ta gefen daɓe. Fitila ta zama LED, kuma tufafi da rubuce-rubucen hannu kada hasken da ke kansu ya wuce luks 50 a ma'aunin haske. Faifan sola ba ya hawa rufin ƙasa: ga nauyi, ga ƙusoshin da za su huda laso. A yi masa rumfa a tsakar gida ta baya, batura a ɗaki dabam saboda gobara. Banɗaki da tankin ruwa su ma su yi nesa da tsohon gini. Masu keken guragu a yi musu gangaren katako da ake iya ɗagewa, tashin santimita 1 a kowace 12.

Kayan tarihin fa, ina za su zauna lokacin aiki?

A kwashe su kafin a ɗaga guduma. Kowane abu da lambarsa da hotonsa, mutum biyu su sa hannu a rajista wajen fita da wajen dawowa. Abin da ba ya ɗaguwa, kamar manyan ƙyauren ƙofofin gari, a yi masa akwatin katako a inda yake. Kada a mayar da kaya sai sabon yaɓe ya bushe sarai, makonni ba kwanaki ba.

Zanen bango da ya goge, a sabunta shi?

Abin da ya rage na asali a ƙarfafa shi a bar shi. Inda ya ɓace, a maido da shi in akwai tsohon hoto da ke nuna yadda yake. In babu, a bar wurin a shafe. Kada a zana dagi inda ba a taɓa yin sa ba don a burge baƙi. Launi kuma farar ƙasa da jar ƙasa da ɗan ƙaro, ba fentin gwangwani ba.

Wane lokaci ne na wane aiki?

Da ɗaukewar ruwa a Oktoba, zagayen duba ɓarna. Nuwamba zuwa Fabrairu, tubali da gindin bango da azara. Yaɓe a cikin hunturu yana saurin bushewa ya tsage, sai a yi shi da sassafe a rataya jiƙaƙƙen buhu a gabansa. Maris da Afrilu, laso da makuba, a gama kafin hadarin farko. Da damina ba a buɗe rufi, sai share indararo bayan kowane babban ruwa.

Wa ya kamata ya yi aikin, kuma yaya za a yi ya ɗore?

Magina na gargajiya, ƙarƙashin Sarkin Magina ko wani gwani da aka ga aikinsa a tsaye, tare da masanin gine-gine mai rubuta duk abin da aka yi. Ɗan kwangilar da bulo da siminti ya sani zai yi abin da ya sani.

Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 tana tsaye ne saboda ana komawa kanta da yaɓe, itatuwan da suka fito daga jikinta ma matakala ce ta masu gyara. A Jenne ta ƙasar Mali gari guda ke fitowa yaɓen masallaci duk shekara. Gidan tarihi ba shi da wannan gayya, don haka sai ya tsara tasa: kason gyara a kasafin kowace shekara maimakon babbar kwangila sau ɗaya a shekara goma, magini ɗaya ko biyu a cikin ma'aikata na dindindin, kuma kowace kwangila ta wajabta ɗaukar yara masu koyo. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta ba da azara, saboda haka a tanadi 'yan guda ashirin ko talatin a rumfa mai iska, a ɗage daga ƙasa, a kuma nemi fili a dasa wasu. A ajiye littafi guda a ofishin mai kula da gida, duk wanda ya hau rufi ya rubuta ranar, da lambar indararon da ya share, da abin da ya gani.